Ranar Da Desmond Ya Cinna Wa Fudin Wuta

Cikin 'yan Ingilan da suka yi ritaya suka tare a garin Cuenca na ƙasar Ecuador, ba a taɓa samun mai cika baki irin Desmond Pickering ba. In ka ce motarka ta ƙi tashi, shi ya taɓa gyara jirgin ruwa. In ka ce haƙori na damunka, shi ya taɓa cire wa kansa biyu da filaya. Alhali kowa ya san aikin da ya ƙare rayuwarsa yana yi a garin Bolton: bin titi yana manna wa motocin mutane takardar tara, ana zaginsa ta taga. Amma da ya hawo kan duwatsun nan sai ya zama Don Desmond, laƙabin da mutanen garin ke ba babban mutum. Mai shago yana gaishe shi, mai tasi yana buɗe masa ƙofa, kuma shi ne shugaban shagulgula na ƙungiyar 'yan Birtaniya, muƙamin da ya samu saboda ranar zaɓe ba wanda ya ɗaga hannu sai shi.

Ita wannan ƙungiya aikinta ɗaya ne. Duk Alhamis za su taru a tsakar wani tsohon gida da suka kama haya, mangwaro da gwanda da fiya jibge a gabansu, su yi tagumi suna kewar waken gwangwani. Wannan ya tuno soyayyen kifi da dankali a naɗe cikin takarda, wancan ya tuno biskit ɗin da ake tsomawa a shayi, wata ta share hawaye saboda wani baƙin abu mai gishiri da ake shafawa a burodi, wanda in ka ba kare sai ya yi maka kallon raini. Duk wanda ya dawo daga Ingila da akwati kuwa, ranar ya fi fadan coci daraja.

Desmond shi kaɗai ne ba ya kewar komai. To, sai ga shi wata Lahadi matarsa Glenys ta ajiye waya bayan ta gama hira da yayarta Beryl, ta dube shi ta ce, "Des, bayan sabuwar shekara zan koma gida."

"Wane gida kuma? Ba a gida kike ba?"

"Beryl ta gyara mini ɗakin baya. Na gaji. Kirsimeti uku ke nan ina cin gwanda. Ko ƙyallin fudin ban gani ba."

Shi fudin ɗin nan wani baƙin kek ne mai nauyin dutsen niƙa, da kitse da busassun 'ya'yan itace ake haɗa shi, a turara shi a kwano kamar alale, a ajiye shi makonni ya tsumu. Ranar Kirsimeti sai a kashe fitila, a zuba masa barasa, a cinna masa wuta, a shigo da shi ana tafi. Mutanen nan da gangan suke ƙona abincinsu, kuma ba mai ce musu don me.

Shekara arba'in suna tare, Desmond bai taɓa kwana a gida babu Glenys ba, kuma duk cika bakinsa ya san in ta tafi ba zai yi sati ba sai ya bi ta. In ya bi ta kuwa, Don Desmond ya mutu ke nan, sai dai tsohon mai manna takarda yana raɓe a ɗakin bayan Beryl. Tsoro ne ya kama shi sosai, shi kuwa in tsoro ya kama shi bakinsa ne ke buɗewa.

"Fudin? A kan fudin kike wannan magana? Glenys, ai da kin faɗa tuntuni. Kakata ce ta koya wa rabin Bolton fudin. A jinina yake."

"Kakarka da ko ƙwai ba ta iya dafawa?"

"Ƙwai daban, fudin daban. Ki ba ni nan da Kirsimeti. In kika ci nawa ba ki ji kamar kina gida ba, ni da kaina zan kai ki filin jirgi."

Glenys ta ɗauki saƙarta ta ce, "To, mu gani."

Washegari ya dira rumfar Don Eloy mahauci, ya ce kitsen da ke jikin ƙodar saniya yake so.

"Na kare ne, Don Desmond?"

"Na kek ne."

Don Eloy ya ajiye wuƙa. "Kek? Irin wanda ake ci da shayi?"

"Ƙwarai."

Mahaucin ya kira na rumfar kusa da shi ya zo ya ji da kunnensa, shi ma ya kira wani. Kafin Desmond ya bar kasuwa labari ya kai har wajen masu furanni cewa Turawan nan ashe talauci ne ya koro su, a ƙasarsu kitsen kare suke ci ranar biki. Wata tsohuwa ta tausaya masa ta ƙara masa gyaran albasa.

Sauran kayan kuma bai same su yadda littafi ya ce ba, amma wannan ba ya hana gwani aiki. Inda aka ce ƙananan busassun inabi ya sa busasshiyar ayaba. Inda aka ce baƙin sukari ya farfasa mazarƙwaila da guduma. Ya cuɗa, ya ɗura a kwano, ya ɗaure da ƙyalle, ya ɗora a tukunya.

Maƙwabciyarsu Doña Zoila, mai sayar da dafaffiyar masara a ƙofar gida, ta leƙo ta katanga tana shanya. "Maƙwabci, me ake dafawa tun safe? Tururi ya cika mini tsakar gida."

"Abincin sarakuna, maƙwabciya. Nan da la'asar ya nuna."

"A garin nan? Wake ma sai ya kwana a ruwa ya wuni a wuta. Ka manta a kan dutse kake?"

Wannan kowa ya sani, har 'yan ƙungiya, don kullum suna ƙorafin shayi ba ya jiƙuwa. A irin wannan tudu ruwa yakan tafasa ne tun bai yi zafin kirki ba, ya yi ta ɓararraka kamar gaske alhali wasa yake. Amma Desmond ya gyara tsayuwa ya ce, "Maƙwabciya, ruwa ruwa ne. In Bature ya ce masa ya dafa abu, sai ya dafa."

"To Allah ya sa yana jin Turanci," in ji Doña Zoila, ta ci gaba da shanyarta.

Ranar Alhamis ya kai wa ƙungiya gwaji. Glenys ya hana ta ɗanɗanawa, wai kada ya ɓata mata mamakin ranar. Da ya yanka, bayansa ya yi tauri, cikin kuwa sai ya gangaro kamar taɓo. Ya rarraba a faranti, ya tsaya a kansu ya harɗe hannu.

Da a wani gari ne, da nan maganar ta ƙare, wani zai ce wannan ɗanye ne, kowa ya huta. Amma waɗannan mutane ne da in aski ya ɓata musu kai sai su yi godiya su ƙara wa wanzami kuɗi, in an taka musu ƙafa su ne masu ba da haƙuri. Misis Ogden, tsohuwar shugabar makaranta mai shekara tamanin da 'yan kai, ta kai cokali baki, idonta ya kawo ruwa, ta haɗiye da ƙyar kamar mai shan maganin tsutsa.

"Yaya kika ji, Misis Ogden?"

"Madalla, Desmond. Kai, madalla. Ka yi ƙoƙari."

"Barry fa?"

Barry Tuckwell, wanda suka daɗe ba sa ga maciji da Desmond tun rigimar wa zai riƙe makullin ɗakin shayi, ya danne nasa a kunci ya ce, "Ban taɓa cin irinsa ba, wallahi."

"Na faɗa muku! A ƙaro?"

"A'a, a'a, bar wa wasu. Kada mu yi zari."

Desmond na juya baya, farantai suka zama wayam. Wani ya tura nasa cikin aljihun kwat, wata ta naɗe nata a hankici ta cusa a jaka, Misis Ogden ta binne nata a tukunyar fure. Da ya waiwayo ya ga ko ɗigo bai rage ba, sai da ya kusa hawaye don daɗi. Furen nan kuwa bai kai Alhamis ta gaba ba.

Abu ɗaya ya ɗan tsaya masa a rai, shi ne laushin tsakiyar. Sai ya sayo tukunyar nan mai murfin maƙalewa da ke dafa abu da ƙarfin tururi. Mai shago ya fara yi masa bayanin yadda ake amfani da ita, Desmond ya ɗaga masa hannu ya ce ya taɓa kula da tukunyar jirgin ƙasa. Ya cika ta maƙil, ƙullu ya toshe ramin da tururi ke fita, ya ƙure wuta, ya koma falo yana karanta jarida.

Ƙarar da ta tashi sai da tantabarun cocin unguwa suka watse. Doña Zoila ta faɗo gidan da gudu riƙe da ludayi, tana kiran sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya. Ta tarar da Desmond tsaye a ƙofar kicin ya ɗaga kai sama. Murfin ya lume a silin, fudin ya manne kewaye da shi yana ɗiga a hankali.

"Maƙwabci! Kana da rai? Na ɗauka tukunyar gas ce!"

"Kwantar da hankalinki. Haka ake yi. Ana barinsa ya sha iska."

"A silin?"

"Zafi sama yake tashi, maƙwabciya. Kimiyya ce."

Glenys ta fito daga ɗaki ta dubi silin, ta dubi mijinta, ta ce, "Beryl ta ce a ɗakin bayan har da sabon labule." Ta koma ta rufe ƙofa.

Wannan magana ta soke shi, amma maimakon ya saduda sai ya ɗauko tsani ya kankare abin da ke sama, ya dunƙule shi, ya kai wa ƙungiya. Suka tauna har da ɓurɓushin farar ƙasa. Misis Ogden ta ce wannan karon ya fi ƙamshi. Barry ya ce akwai wani ɗan garas-garas a ciki da ba kowane mai girki ke iya samarwa ba. Jakunkuna da aljihuna suka sake cika.

A nan ne kan Desmond ya ida kumbura. Ya hau kan kujera ya buga cokali a kofi ya yi shela: bana ba ƙaramin fudin zai yi ba, zai yi wanda ba a taɓa gani ba tun daga nan har bakin teku, kuma za a gayyato duk unguwa su zo su ga abin da Ingila ta iya. Kowa ya dubi na kusa da shi yana fatan wani ya yi magana. Sai Misis Ogden ta ce, "Kai, shawara mai kyau," aka tafa.

Ya ari bahon wankin Doña Zoila, ya samo muciyar da ake tuƙa abincin biki. Al'adarsu ce kowa a gida sai ya juya ƙullun sau ɗaya ya yi fata a zuci, don haka ya tara 'yan ƙungiya kaf a tsakar gidan haya. Ba wanda ya ce su yi layi, da kansu suka jeru, har layin ya fita titi. Mutanen unguwa suka tsaya suna kallo.

"Me ake rabawa?" in ji Don Eloy.

"Ba a raba komai," in ji Doña Zoila. "Layi suke su juya kitse a bahon wankina."

"Kyauta?"

"Kyauta. Kuma kowa in ya juya sai ya rufe ido."

"Ni ma da zan ci abin nan da na rufe ido."

Da layi ya zo kan Glenys ta kama muciya ta juya, ta rufe ido ta daɗe. Desmond ya matso ya yi ƙasa da murya. "Me kika roƙa?"

"Ba a faɗa."

"Ni ne fa."

"Shi ya sa."

Akwai kuma al'adar ɓoye kwabo ɗaya a ciki, wanda ya tsinta a rabonsa shi ne mai sa'ar shekara. Desmond ya ce kwabo ɗaya rowa ce, ya juye gwangwanin canjinsa gaba ɗaya. Sannan aka ɗora bahon cikin ganga, aka hura itace a ƙasa, aka wuni ana turarawa. Da yamma ya ƙwanƙwasa bayansa da ɗan yatsa ya ji tauri kamar ƙwarya, ya ce ya nuna. Ya naɗe shi da zanin gado ya kulle a ɗakin ajiya mai ɗumi kusa da tankin ruwan zafi, wai ya tsumu. Ɗanyen ƙullu da mazarƙwaila da ayaba a cikin ɓawo mai tauri, a wuri mai ɗumi, makonni. Duk wanda ya wuce ƙofar ɗakin yakan ji wani ɗan gurnani daga ciki, amma ba wanda ya ga ya dace ya tayar da maganar.

Ranar Kirsimeti tsakar gidan haya ta cika. An ja rumfar leda, an rataye ado na takarda daga wannan bango zuwa wancan. Mutanen unguwa sun zo da kwalliyarsu, Don Eloy har da taye ɗaure a wuya, fadan cocin unguwa ma ya zo aka ba shi kujerar gaba. 'Yan Ingila kowa ya ɗora hular takarda mai kama da kambin sarauta a ka, tsofaffi masu furfura, fuska a murtuke, don haka ake yi a gida. Desmond ya sa an yi masa tasa hular ta musamman, ta ninka ta kowa tsawo.

Da magariba ta yi ya ce a kashe fitilu. Ƙarti huɗu suka turo fudin a kan baro. Ya kumbura ya yi tulu, yana sheƙi, gefensa na motsi kaɗan-kaɗan kamar mai numfashi.

Fada ya sunkuya wajen Doña Zoila. "'Yata, yana da rai ne?"

"Ban sani ba, Fada. Amma ka matsa baya kaɗan."

Desmond ya yi gyaran murya. "Jama'a, abin da za ku gani yau, kakanninmu sun yi shi a gaban sarakuna. Glenys, matso gaba. Wannan naki ne."

A Ingila cokali biyu na barasa ake zubawa, ta ba da ɗan harshen wuta shuɗi ta mutu. Desmond ya lissafa cewa tun da nasa ya ninka na kowa girma, barasar ma sai ta ninka. Ya ɗauko jarkar barasar rake irin ta ƙauye, wadda direbobi ke cewa in mai ya ƙare tana iya kai mota gida, ya tuttule ta duka.

Barry ya buɗe baki, ya ce, "Desmond, ba na son in tsoma baki, amma ko..."

"Ko me?"

"A'a, ba komai. Yi haƙuri. Ci gaba."

Ya ƙyasta ashana.

Wutar ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta yi sama ta lashe adon takarda, ta bi igiya daga bango zuwa bango, ta huda rumfar leda. Hular Desmond ta kama, ya tsaya da kambin wuta a ka yana cewa, "Kowa ya zauna! Haka ake yi! Haka ake yi!" Kuma abin mamaki, 'yan Ingila suka zauna. Wasu har da tafi, don ba su tabbatar ko cikin shirin ne ba.

Sai fudin ya fashe. Ɓawon ya tsage, abin da ya yi makonni yana tsami a ciki ya yi tsartuwa ta ko'ina, da warin giyar da ta lalace. Kwabbai masu zafi suka yi ta shawagi. Ɗaya ya sami Barry a goshi, ya dafe wurin ya ce wa kwabon, "Yi haƙuri." Wani dunƙule ya sauka a cinyar Fada.

Mutanen unguwa ne suka ceci gidan. Su da duk shekara suke bikin watsa wa juna ruwa, ba a koya musu aiki da bokiti. Doña Zoila ta yi kururuwa ɗaya, bokitai suka fito daga kowane gida, aka shiga sheƙawa ba ji ba gani. Na farko a kan Desmond ya sauka, na biyu ma, na uku kuma Doña Zoila ta ce don ta tabbatar ne. Aka jiƙa wuta, aka jiƙa tebur, aka jiƙa Misis Ogden. Wuta na mutuwa sai sama ita ma ta ce ba za a bar ta a baya ba, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, mai sanyin ƙanƙara, ta ramukan rumfar da ta ƙone.

Aka kunna fitila ɗaya da ta tsira. Desmond na tsaye babu gira, babu gashin gaba, toka na gangaro masa a fuska. Ya dubi Glenys ya ga ta jiƙe sharkaf, hular takardarta ta narke ta manne mata a goshi. Ya san ta ƙare masa. Amma bakin nan nasa bai san an ci shi da yaƙi ba.

"To," ya ce da wata siririyar murya, "wa zai fara?"

Wallahi sai suka tashi suka yi layi. Cikin ruwan nan, suna rawar sanyi, kowa da farantinsa, Desmond na kwasar abin da ya rage a gindin baho yana zuba musu, toka-toka, ruwa na kwance a kai. Don Eloy ya cire tayensa ya matse ya ce, "Ni dai na yanka dabbobi da yawa, amma ban taɓa ganin masu bin layin yanka da ƙafarsu ba."

Misis Ogden ce ta fara kai cokali baki. Ta tauna. Ta tsaya. Ta zaro kwabo daga bakinta ta ajiye a gefen faranti. Desmond ya ce, "Yaya kika ji, Misis Ogden?"

Tsohuwar ta buɗe baki za ta ce madalla, kalmar ta ƙi fitowa. Shekara tamanin na ladabi suka tsaya mata a maƙogwaro tare da fudin.

"Desmond," ta ce, "tun da uwata ta haife ni ban taɓa sa mugun abu a bakina irin wannan ba. Kuma na yi shekara bakwai ina cin abincin makarantar kwana."

Kowa ya ajiye cokalinsa.

"Na farkon ma haka yake," in ji Barry a hankali. "Sai da na jefar da kwat ɗina."

"Ni jakata har yau kuliyoyi na bin ta!"

"Ni a silin na ga alamar na biyun, na yi shiru!"

"Tsaya, ai na gaskiyar ma ba daɗi gare shi ba," in ji wani tsoho daga baya. "Wa ya taɓa cinye rabonsa? Na uwata sai da mu sha ruwa kofi uku."

"Na tawa uwar da shi muke tokare ƙofa!"

Shi ke nan, bakin kowa ya buɗe. Aka shiga tsine wa fudin, aka wuce kan kabejin da ake dafawa har ya mutu sau biyu, da naman da ke komawa kalar bargo, da shayin tashar jirgin ƙasa, da ruwan saman da ke ɓata kowane biki. Suna rawar ɗari, suna ƙorafi, suna katse juna, fuskokinsu na haske kamar an yi musu albishir. Mutanen unguwa suka tsaya riƙe da bokitai suna kallon ikon Allah.

Desmond bai ji ko ɗaya ba. Glenys yake kallo. Ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na girgiza. Ya matso jiki a sanyaye, ruwa na ɗiga daga hancinsa.

"Glenys. Na ɓata. Gobe zan... zan nemo motar da za ta kai ki."

Ta ɗago. Dariya take yi har da hawaye, irin wadda rabonsa da jin ta tun suna Bolton.

"Des, dube mu. Sanyi, ruwa, an jiƙe, abinci ba ya ciwuwa, kowa na mita. Shekara uku ina garin nan, rana kullum, abinci mai daɗi, mutane sai murmushi, na rasa abin da zan yi ƙorafi a kai har na fara ciwo. Yau ne kawai na ji ni a gida."

Desmond ya yi ƙifi-ƙifi da idon da ba gira. "Wato... ba za ki tafi ba?"

"In tafi in bar wannan? Beryl ba ta da labarin da ya kai shi. Sai na shekara ina ba ta."

Ya ja dogon numfashi. Ƙirjinsa ya fara tasowa a hankali, kafaɗu suka miƙe. Ya juya ya fuskanci jama'a, ya ɗaga hannu.

"To kun gani! Dama abin da na shirya ke nan tun farko. Duk wanda ya san girki ya san ba a ɗanɗano abin yake ba. Baɗi in Allah ya kai mu, wanda zan yi sai ya ninka..."

"Desmond Pickering," in ji Glenys, ba ta ko ɗaga murya ba. "Ka sake kusantar murhu, ko ruwan shayi ne, ba ni zan tafi ba. Kai zan aika wa Beryl."

Ya sauke hannun. Doña Zoila ta miƙo masa soso, ta nuna masa bahonta.